Man Darbejiya: Dukiyar Da Ake Sharewa Da Tsintsiya A Sabon Wuse

Duk matafiyin da ya bi babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, ya ratsa ta Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja, zai ga bishiyoyin darbejiya a ƙofar gidaje da harabar makarantu da gefen masallatai da tashoshin mota, inda masu shayi da masu sayar da rake ke fakewa daga zafin rana. Idan lokacin 'ya'ya ya zo, sai su nuna su yi rawaya su zubo ƙasa, jemagu da tsuntsaye su sha ɗan zaƙin da ke jikinsu, ragowar kuwa yara su share da tsintsiya a tara a juji, wani lokaci ma a cinna masa wuta. A daidai wannan lokaci, a manyan kantunan Wuse da Garki da Maitama, waɗanda nisansu daga nan bai wuce tafiyar kimanin sa'a guda a mota ba, ana sayar da sabulu da man gashi da ruwan wanke fuska da aka shigo da su daga Indiya, an zana ganyen wannan bishiya a jikin kwalinsu, an kuma biya kuɗinsu da dalar Amurka.

Wannan asara ce da ya kamata ta dami kowane ɗan kasuwa mai hangen nesa. Man da ake tatsowa daga ƙwayar darbejiya haja ce da ke da kasuwa a duniya, kuma Sabon Wuse na cikin wuraren da suka fi dacewa a kafa ƙananan masana'antun sarrafa shi. To amma ribar ba za ta tabbata ba sai an cika sharuɗɗa guda biyu: a inganta man tun daga gindin bishiya, a kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da man zai iya yi da abin da ba zai iya ba.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu maina, wasu kuma bedi, baƙuwa ce a wannan ƙasa. Asalinta daga yankin Indiya da Bama take, kuma a shekarar 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno, daga nan ta bazu zuwa Kano da Katsina da Sakkwato da sauran garuruwan Arewa, saboda jurewarta ga fari da kuma inuwar da take bayarwa. A Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta soma dasa layukanta a Kwarin Majiya na yankin Tawa a shekarar 1975 don kare gonaki daga iska, kuma manoma suka ga ƙaruwar amfanin gero. Alhazai ma shaida ne, domin dubban bishiyoyin da ke ba su inuwa a filin Arfa darbejiya ce. A shekarar 1992 Majalisar Bincike ta Ƙasar Amurka ta wallafa wani rahoto na musamman a kan wannan bishiya kaɗai, inda ta bayyana ta a matsayin wadda za ta iya taimakawa wajen warware matsalolin noma da lafiya da muhalli a ƙasashe masu tasowa. Kusan shekara ɗari ke nan da zuwanta Nijeriya, amma har yanzu inuwarta da itacenta da ganyenta aka fi mora, 'ya'yan kuwa an bar wa juji.

Ƙwayar da ke cikin ƙwallon darbejiya tana ɗauke da mai wanda kan kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na nauyinta. Mafi yawan wannan mai irin kitsen da ke cikin man gyaɗa da man zaitun ne, wanda ke tausasa fata ya hana ta bushewa, shi ya sa yake da amfani a lokacin hunturu sa'ad da kaushi da faso ke addabar jama'a. Abin da ya bambanta shi da sauran mayuka shi ne wasu sinadarai masu ɗaci da ke cikinsa, irin su nimbin da nimbidin da azadiraktin. Wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Schmutterer ne ya lura a ƙasar Sudan a shekarar 1959 cewa fara ta cinye kowane tsiro amma ta ƙyale darbejiya, sannan a shekarar 1968 masana a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin azadiraktin, wanda ke hana ƙwari cin abinci da girma. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun kuma nuna cewa man yana daƙile wasu ƙwayoyin cuta da ke haddasa ƙuraje da makero da ƙyasbi.

Akwai kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane. A shekarar 1992 aka wallafa sakamakon wani bincike daga Indiya, inda aka shafa wa mutum 814 masu fama da ƙazuwa haɗin darbejiya da kurkum, kuma kashi 97 cikin 100 suka warke cikin kwana 3 zuwa 15. A shekarar 1993 masu binciken zazzaɓin cizon sauro a Indiya suka ba da rahoton cewa man kwakwa da aka zuba wa kashi 2 cikin 100 na man darbejiya ya kare waɗanda suka shafa shi daga cizon sauro na tsawon dare. A ƙasar Masar kuma, an gwada sabulun wanke kai mai ɗauke da ruwan ƙwayar darbejiya a kan yara masu kwarkwata, aka wallafa a shekarar 2007 cewa ya kashe ta. Waɗannan su ne ginshiƙan da kamfanonin duniya ke dogara da su wajen sayar da sabulun ƙuraje da man amosanin ka da maganin kwarkwata.

To sai dai wajibi ne ɗan kasuwa ya san iyakar wannan shaida. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, wasunsu ma ba a kwatanta su da wani magani ba, saboda haka ba su isa hujjar cewa man darbejiya ya maye gurbin asibiti ba. Da'awar da ake ji a bakin masu talla da lasifika a kasuwanni, cewa yana tsirar da gashi a kan mai sanƙo ko yana warkar da kowace irin cutar fata, ba ta da madogara a kimiyya. Abu mafi muhimmanci kuma, wannan mai na shafawa ne, ba na sha ba. A shekarar 1981 mujallar likitoci ta Lancet ta buga rahoton likitoci daga Maleshiya game da ƙananan yaran da aka ɗura wa man darbejiya, suka kamu da amai da farfaɗiya da kumburin ƙwaƙwalwa. Ko a fata ma, tsantsarsa kan jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da borin jini, don haka ake gauraya kaɗan daga cikinsa da man kwakwa ko man kaɗe, a kuma fara gwadawa a ɗan wuri a hannu kafin a shafa ko'ina. Duk kwalbar da za ta fita kasuwa ba tare da wannan gargaɗi a jikinta ba, haɗari ce ga mai saye, kuma haɗari ce ga sana'ar baki ɗaya, domin yaro ɗaya da zai cutu ya isa ya rushe amincin da aka yi shekaru ana ginawa.

Ta fuskar kasuwa kuwa, abubuwa uku sun haɗu sun buɗe ƙofa. Na farko shi ne tsadar kuɗin musaya. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na shekarar 1986 darajar Naira ke sauka, kuma bayan da aka sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023, farashin duk kayan kwalliyar da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi. Sabulu da kayan kwalliya suna cikin kayayyaki 41 da Babban Bankin Nijeriya ya hana wa dala a farashin hukuma a shekarar 2015. An ɗage wannan hani a watan Oktoban 2023, amma tsadar dala kaɗai ta zama katangar da ke ba mai sarrafawa a gida dama.

Na biyu shi ne illar mayukan sauya launin fata. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2011 ya nuna cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da irin waɗannan mayuka, waɗanda wasunsu ke ɗauke da zaiba da wasu sinadarai masu lalata fata da ƙoda. A shekarar 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Yayin da wayar da kai ke ƙaruwa, mata da yawa na komawa ga sabulun salo da man kaɗe da sauran kayan da aka samo daga tsirrai, kuma a wannan sahu man darbejiya yake.

Na uku shi ne darajar da duniya ta riga ta ba bishiyar. A Indiya, kamfanin Calcutta Chemical ya fito da sabulun Margo mai man darbejiya tun shekarar 1920, kuma sunan ya yi fiye da shekara ɗari a kasuwa. A shekarar 1994 Ofishin Rajistar Fasaha na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace na Amurka tare da Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar haƙƙin mallakar wata hanyar kashe funfunar tsirrai da man darbejiya. Masu fafutuka daga Indiya da Turai suka ƙalubalanci wannan mataki bisa hujjar cewa ilmi ne da manoma suka gada kaka da kakanni, aka soke rajistar a shekarar 2000, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005. Ba a shafe shekara goma ana shari'a a kan abin banza. Bugu da ƙari, a shekarar 2015 gwamnatin Indiya ta wajabta a lulluɓe dukkan takin yuriya da ake yi a ƙasar da man darbejiya, matakin da ya ƙara yawan buƙatar man a can.

Lissafin abin da ake zubarwa ba shi da wuya. Bishiyar darbejiya kan fara 'ya'ya tana da shekara 3 zuwa 5, ta kai ganiyarta a wajen shekara 10, inda babba mai lafiya ke iya ba da kilo 30 zuwa 50 na 'ya'ya a shekara. Ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne, kilo 50 na 'ya'ya kan bar kilo 30 na ƙwallo, wanda ke ba da kilo 6 na mai da kilo 24 na tunkuza. Ke nan bishiya 1,000 da suka yi kyau za su iya samar da tan 6 na mai da tan 24 na tunkuza a shekara. Ko da an rage rabi saboda abin da tsuntsaye za su ɗauke da wanda zai lalace, saura ya isa ya riƙe ƙaramar masana'antar sabulu, musamman da yake kaso kaɗan na man ake zubawa a kowane haɗi. Tunkuzar kuma haja ce mai zaman kanta, domin taki ce mai kyau wadda ke korar tsutsar ƙasa daga saiwar tumatir da barkono, kuma Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa, NARICT, da ke Basawa a Zariya ta yi aiki a kan haɗa taki da ita. Ɗan kasuwar da ya sayar da mai ya zubar da tunkuza ya yar da wani babban yanki na ribarsa.

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa Sabon Wuse, alhali darbejiya ta fi yawa a Katsina da Sakkwato da Borno? Amsar ita ce, masana'anta ba dole ba ne ta zauna a gindin bishiya. Takan zauna ne inda ɗanyen kaya da kasuwa suka haɗu. Motocin da ke saukowa daga Kano da Katsina da Zariya zuwa Abuja ta wannan gari suke bi, don haka busasshen ƙwallo zai iya isowa a buhuna kamar yadda hatsi ke isowa. Kasuwannin Suleja da Madalla suna kusa, birnin tarayya da otal-otal ɗinsa da shagunan gyaran gashi da manyan kantuna yana gaba kaɗan, kuɗin fili da na haya kuma bai kai na cikin birnin ba. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa, NIPRD, tana Idu, inda za a iya kai samfuri a gwada.

Daɗin daɗawa, Jihar Neja na sahun gaba wajen arzikin kaɗanya a Nijeriya, kuma man kaɗe shi ne abokin haɗin da man darbejiya ya fi buƙata. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, tana mai cewa ƙasar na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma rabonta a cinikin bai kai kashi 1 ba. Darasin a fili yake: riba tana hannun mai sarrafawa, mai tsinta kuwa ladan gajiya kawai yake samu. Bai kamata a maimaita wannan kuskure da darbejiya ba, a wayi gari ana loda ƙwallonta a jirgin ruwa a dawo da shi a kwalba.

Tarihin yankin ma na da abin koyi. Sabon Wuse gari ne da aka kafa don tsugunar da mutanen tsohon Wuse, waɗanda suka tashi suka ba da wuri aka gina sabon babban birnin da dokar shekarar 1976 ta ƙirƙiro. Adalci ne su zama cikin masu cin moriyar kasuwar da aka gina a kan gonakin iyayensu. A Suleja kuma, cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 ta ɗauki fasahar gargajiya ta ƙara mata inganci, har Ladi Kwali ta yi suna a Turai da Amurka, hotonta kuma ya hau takardar Naira 20. Abin da ya yi wa yumɓu daraja shi ne horo da kiyaye inganci, kuma su ne za su yi wa darbejiya.

Matsalolin da ke gaba ba ƙanana ba ne, kuma duk mai son zuba jari ya kamata ya dube su da idon basira. Babbar cikinsu ita ce danshi. Yankin Suleja ya fi Arewa mai nisa ruwan sama, kuma ƙwallon da aka tara da laima yakan yi funfuna, wadda ke haifar da gubar afulatoksin, man ya yi baƙi ya yi tsami. Dole ne a tsince 'ya'yan da wuri, a wanke naman jikinsu, a shanya a inuwa mai iska, a adana a buhunan algarara maimakon leda. Nijeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar sakaci da inganci a shekarar 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenta saboda yawan maganin ƙwari. Sai kuma wari, domin man darbejiya na da ƙauri mai kama da na tafarnuwa, wanda ba kowace mace za ta yarda ta sa a kanta ba. Maganin wannan shi ne tacewa da kyau da kuma gauraya shi da turaren tsirrai. Matsa shi ba tare da zafi mai yawa ba ya fi adana sinadaransa, amma man da ake samu ya fi kaɗan, don haka sai an raba daraja biyu: na kwalliya mai tsada, da na sabulu da feshin gona mai rangwame.

Akwai kuma rashin tsayayyar wutar lantarki da tsadar man inji tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, da matsalar tsaro da hanyar Abuja zuwa Kaduna ta sha fama da ita, da kuma kasancewar 'ya'yan na zuwa ne a lokaci guda, abin da ke nufin sai an ɗaure jari a sito na watanni. Waɗannan dalilai ne na fara sana'ar da kaɗan, ba dalilan fasa ta ba. Injin ɓare ƙwallo da na matsar mai irin waɗanda maƙeran Kano da Kaduna ke ƙerawa don gyaɗa za su iya aikin idan an yi masu ɗan gyara, da sharaɗin ba za a sake matsar man ci da su ba.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. 'Yan kasuwa su fara da neman mai saye kafin sayen inji, su ƙulla yarjejeniya da masu yin sabulu da shagunan gyaran gashi da manoman lambu, su kuma yi rajistar kamfani su sami lambar NAFDAC kafin kwalba ɗaya ta fita. Mata da matasa masu tsinta su haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai, a saya daga hannunsu da ma'auni a kan farashin da ya bambanta busasshe mai tsabta da mai laima, domin farashi ne kaɗai malamin da ke koyar da inganci cikin sauri. Ƙaramar Hukumar Tafa da Gwamnatin Jihar Neja su ƙidaya bishiyoyin da ke yankin, su hana sare su barkatai don gawayi, su ware fili mai rumfunan shanya da ruwa da wuta. Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, da Bankin Masana'antu su tsara bashi mai la'akari da cewa kaka ɗaya ake saye a yi shekara ana sayarwa. Ita kuma Hukumar Ƙayyade Ingancin Kayayyaki, SON, ta tabbatar da ma'aunin da zai raba man gaskiya da wanda aka yi wa algus, tare da hukunta masu tallan ƙarya.

Masu iya magana sun ce da rashin tayi akan bar arha. Bishiyoyin sun riga sun girma, babu wanda zai biya kuɗin dashe ko ban ruwa, kasuwa kuma tana bakin ƙofa. Idan 'yan kasuwar Sabon Wuse da Suleja suka yi jinkiri, wasu daga nesa za su zo su kafa sikeli a bakin hanya, su saye ƙwallon a farashin da suka ga dama, mutanen gari kuma su koma sayen sabulunsa da tsada. Kakar 'ya'yan da ke tafe ita ce lokacin da ya dace a ajiye tsintsiya a ɗauki buhu.